Lambar Gurbi ko Abin da ke Gurbin: Nazarin Hanyoyin Kewaya Jeri a Harshen Python

Tsakure

Maƙalar ta gwada hanyoyi uku na bin jeri ɗaya bayan ɗaya, ta nuna cewa kewayen kai tsaye ya fi fitowa fili, kuma da shi ya kamata a fara koyar da ɗalibi.

Waiwaye

A azuzuwan da ake karantar da algoritim da Faransanci, ɗalibi kan fara da ƙirga "daga 1 zuwa n", gadon zamanin harshen Pascal. Masu kare wannan tsari suna cewa sai an san gurbi ake fahimtar jeri. Ban yarda ba. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, daga sifili yake ƙirga, ra'ayin da Edsger Dijkstra ya kare a 1982. Su kansu harsunan da suka taso da ƙirga sun sauya: Java ta kawo kewayen kai tsaye a 2004, C++ a 2011, JavaScript a 2015.

Hanyar bincike

An ɗauki jerin kasuwanni huɗu na jihar Damagaram: Bune, Gure, Gidimuni, Damagaram. An bi shi da while, da for i in range, da for kasuwa in kasuwanni, wato kewayen kai tsaye.

Sakamako

Hanyar while tana ɗora wa mai rubutu nauyi uku: mafarin ƙirga, sharaɗin tsayawa, da ƙarin ɗaya. In ya manta na ukun, kwamfuta ta yi ta juyi ba iyaka. Wannan kuskure ne mai sauƙin ganewa.

Babbar matsalar tana ga range. Ɗalibin da ya saba farawa daga 1 zai rubuta range(1, len(kasuwanni)). Manhajar za ta buga Gure, Gidimuni, Damagaram, ta gama lafiya lau, ba gargaɗi ko ɗaya. Bune, da ke gurbin sifili, ta ɓace. In jerin na farashin kanwa ko dabino ne, jimillar ta fito ba daidai ba, kuma ba wanda zai sani sai mai kayan ya zo da ƙorafi. Wanda ya ƙara ɗaya a ƙarshe ya fi sa'a, domin Python za ta tsaya da IndexError. Kuskuren da ya yi shiru shi ne abin tsoro.

A for kasuwa in kasuwanni babu lambar da za a kuskure, kuma layin yana karantuwa kamar magana. Inda ake buƙatar lambar, akwai enumerate tun Python 2.3 ta 2003, kuma a yanzu enumerate tana yarda a fara ƙirga daga 1 ba tare da an tsallake kowa ba.

Iyakar nazari

Ba a auna sauri ba. Cire abu daga jeri ana cikin kewaya shi yana sa a tsallake na gaba, ko da a kewayen kai tsaye, kuma harshen C ba shi da salon kewayen kai tsaye. Duk da haka, malamai su fara da kewayen kai tsaye, su ajiye range sai aikin ya nemi lambar gurbi.