La Mothe-Chandeniers: gidan da itatuwa suka gada

A karkarar Les Trois-Moutiers, cikin yankin Vienne na yammacin Faransa, akwai wani tsohon gidan sarauta da ke zaune tsakiyar ruwa kamar tsibiri. Asalinsa yana komawa ƙarni na 13, lokacin da iyalan Bauçay suka kafa shi a matsayin mafaka ta yaƙi. Sojojin Ingila sun ci shi har sau biyu, juyin juya halin 1789 kuma ya bar shi a wawashe.

Sai dai ginin da ido ke gani yau bai kai waɗannan shekaru ba. A 1809 wani attajirin Paris, François Hennecart, ya sayi wurin. Wajen 1870 kuma baron Lejeune ya sāke shi ɗungurungum. Ya tada hasumiyoyi masu tsini, ya sa aka sassaƙa tagogi da matakala da farin dutsen yankin, gwalalon da ke kewaye ya zama madubin da gidan ke kallon kansa. Duk wannan kwaikwayon zamanin jarumai ne: babu maharin da aka gina hasumiyoyin nan dominsa, ado ne irin na masu kuɗin ƙarni na 19.

Ranar 13 ga Maris 1932 gobara ta tashi, ba da jimawa ba bayan an sa na'urar ɗumama ɗakuna. Rufi ya ruguje, ɗakin karatu ya ƙone da littattafansa, haka ma dardumomin bango masu tsada. Ɗan ɗakin ibada da gidan tattabaru na cikin abubuwan da suka tsira. Daga nan ruwan sama ya shiga, itatuwa suka tsiro a zauruka har rassa suka leƙo ta tagogi. Wani malamin lissafi da ya saye shi a 1981 ya yi ta fama shekaru, abin ya fi ƙarfin aljihunsa.

A Disamban 2017 aka yi gayya ta intanet. Dubban mutane daga ƙasashe fiye da 100 suka zuba kuɗi, kowa aƙalla yuro 50, kusan jika 33 ke nan, aka biya yuro 500,000 na sayen gidan. Sababbin masu shi sun zaɓi su tallafe bangaye kada su faɗi, ba su mayar da rufin da wuta ta cinye ba, kuma wannan ne daidai, domin kangon ne ya jawo su tun farko. Baƙi na shiga yau, suna ɗaga kai su ga sararin sama daga tsakiyar zaure.