Tarihin Kiwon Kifin Teku da Murjani a Akwatin Gilashi

Kiwon halittun teku a cikin gida don sha'awa ya samo asali ne a Turai a ƙarni na 19, kuma mata biyu ne suka share masa fage. A shekarar 1832 wata Bafaransa mai binciken halittu, Jeanne Villepreux-Power, ta ƙera akwatunan gilashi a birnin Messina na tsibirin Sisili domin ta riƙa lura da rayuwar dabbobin teku da idonta, sannan a 1846 Anna Thynne ta kai murjani mai rai daga gaɓar Torquay zuwa gidanta a Landan, inda ta raya shi shekaru ta hanyar juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan don iska ta shige shi. Murjani, wanda mutane da dama ke ɗauka dutse ne ko tsiro, tarin ƙananan dabbobi ne masu gina wa kansu ƙashi na sinadarin alli, kuma wani danginsa ne ja ake fere wa a yi duwatsun wuya.

Abin da ya mayar da aikin masana ya zama yayi shi ne haɗuwar dalilai a Ingila cikin ɗan lokaci. An soke harajin gilashi a 1845, jiragen ƙasa suka fara kai jama'a bakin teku, masanin sinadarai Robert Warington ya bayyana a 1850 cewa tsirrai na ba dabbobin ruwa iskar oksijin yayin da su kuma suke amfana da abin da dabbobin suka fitar, sannan gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi ga masu kallo a 1853. Littafin da Philip Henry Gosse ya fitar a 1854 shi ya ƙarasa aikin, har masu hali suka riƙa sayen ruwan teku kamar yadda ake sayen kayan masarufi. Yayin bai daɗe ba, domin yawancin dabbobin mutuwa suke yi, kuma ɗan Gosse ɗin, Edmund, ya rubuta a 1907 cewa masu tsintar halittu sun yashe kududdufan gaɓar Ingila. Ke nan tun ranar farko sha'awar ta zo da ɓarnarta.

Kusan shekara ɗari aka yi kafin a shawo kan ainihin matsalar, wadda ita ce ruwan kansa. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, yana cinye ƙarfen da ake haɗa akwati da shi, kuma kifin da ya saba da yalwar teku ba ya jure ƙazantar da ke taruwa a ƙaramin wuri. A shekarun 1960 aka samu gam ɗin silikon da ke haɗa gilashi da gilashi ba tare da ƙarfe ba, aka kuma fara sayar da haɗaɗɗen gishiri irin su Instant Ocean, ta yadda mazaunin garin da ke nesa da teku zai dama nasa ruwan. A wannan zamanin ne Lee Chin Eng na Indonesiya ya nuna cewa “dutse mai rai”, wato ɓaraguzan murjani da aka ɗebo daga teku tare da ƙwayoyin bakteriyar da ke jikinsu, yana tace ruwa da kansa, ko da yake da farko ƙalilan ne suka gaskata shi.

Raya murjani mai ƙashi ya fi kiwon kifi wuya nesa ba kusa ba, saboda a cikin namansa akwai wata ƙaramar gansakuka da ke sarrafa hasken rana ta ciyar da shi, kuma idan haske ya gaza ko zafi ya yi yawa sai ya rabu da ita ya yi fari fat, abin da kan kai shi ga mutuwa. Jamusawa ne suka warware wannan a shekarun 1970 da 1980, musamman Peter Wilkens da masu sha'awa na birnin Balin, waɗanda suka haɗa dutse mai rai da fitilu masu ƙarfi, da ruwan farar ƙasa mai mayar da sinadarin alli, da wata na'ura da ke tayar da kumfa ta kwashe datti kafin ya ruɓe. Abin lura shi ne ba daga jami'o'i wannan nasara ta fito ba, daga ɗakunan mutane ne masu gwaji da aljihunsu.

Da abin ya sauƙaƙa sai kasuwa ta buɗe, nauyin kuma ya koma kan teku. Wani rahoto na hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2003 ya ƙiyasta cewa ana cinikin kifin teku na ado miliyan 20 zuwa 24 a shekara, galibi daga Filifin da Indonesiya zuwa Amurka da Turai da Japan. Tun a shekarun 1960 wasu masunta a Filifin suka fara fesa gubar sayanayid a ramukan murjani don kifi ya suma a kama shi da rai, dabarar da ke kashe murjanin da kuma da yawa daga cikin kifin daga baya. Wani kifi na tsibiran Banggai na Indonesiya, wanda ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, ya faɗa jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa a 2007. Kifin zaki kuwa, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Filorida a 1985, ana kyautata zaton masu kiwo ne suka sake shi, yanzu kuma ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifaye.

Murjanin da a da aka ɗauka ba zai rayu a gida ba shi ne a yau ya fi sauƙin yaɗawa, tun da ana yanke reshensa a manna a kan dutse ya tsiro, masu kiwo suna musayarsa a tsakaninsu. Kifi ne ya gagara, domin 'ya'yan yawancinsu kan yi makonni suna yawo a sararin teku suna cin ƙwayoyin da ke da wuyar samarwa. Martin Moe ya hayayyafa wani kifi mai ruwan lemo da fararen zane a Filorida a farkon shekarun 1970, amma sai a 2015 aka yi nasarar hayayyafa wani rawayan kifi na Hawai. Har yau mafi yawan nau'o'in kifin tekun da ake sayarwa daga teku ake kamo su.