Ɗaliban da Suka Ƙetara Teku da Sana'ar Jinya da Aiki

A shekarar 1925 asibitin masu taɓin hankali na birnin Aberdeen, can arewacin Sikotlan, ya ɗauki wata budurwa 'yar shekara 25 wani aiki da babu wanda ya taɓa riƙe takardar shaidarsa a duk faɗin Birtaniya. Sunanta Margaret Fulton. Ita ba likita ba, ba nas ba, ba ta yin allura, ba ta rubuta magani. Abin da take yi shi ne ta zauna da majinyaci, ta ɗora hannunsa a kan wani abin yi, saƙa ko ɗinki ko sassaƙa, ta zuba ido ta ga yadda yake yi, sannan ta riƙa sauya masa aikin gwargwadon yadda hankalinsa da jikinsa ke dawowa. Takardar da ta ba ta wannan dama daga Amurka ta taho da ita, domin a lokacin babu ko makaranta ɗaya a ƙasarsu da ke koyar da abin.

Har yau mutane da yawa na haɗa masu jinya da aiki da masu gashin ƙashi, alhali da bambanci. Mai gashi ya fi damuwa da gaɓa da jijiya da tsoka. Shi kuwa mai jinya da aiki tambayarsa ita ce: wannan da shanyewar ɓarin jiki ta kama, zai iya sa rigarsa da kansa? Zai iya kai loma baki, ya kewaya ba tare da an riƙe shi ba, ya koma shagonsa? Daga amsar ake tsara jinyar.

Tunanin ya girmi sana'ar. Tun 1796 wani ɗan kasuwar shayi, William Tuke, ya buɗe gidan jinya a birnin York na Ingila inda aka ajiye mari da sarƙa, aka ba masu taɓin hankali aikin lambu da na gida. Amma sai a watan Maris na 1917 abin ya zama ƙungiya mai suna da tsari, lokacin da mutum shida suka haɗu a garin Clifton Springs na jihar New York. Mai masaukinsu, George Barton, mai zanen gine-gine ne da tarin fuka ya kwantar, aka yanke masa wani sashe na ƙafa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aikin kafinta da na lambu ya farfaɗo da kansa, don haka ba labari aka ba shi ba. Cikin mutum shidan akwai Eleanor Clarke Slagle, wadda ta koyi aikin a Chicago, da likitan ƙwaƙwalwa William Dunton, da Thomas Kidner, Baturen Ingila da ke aikin farfaɗo da sojoji a Kanada. Ba a yi wata guda da taron ba Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Yaƙin ne ya fara fitar da sana'ar waje. A 1918 aka tura mata fararen hula zuwa asibitocin soja a Faransa, wasunsu a asibiti mai lamba 117 da ke La Fauche, inda ake tara sojojin da rugugin igwa ya gigita. Ba su da muƙamin soja, kayan aiki kuma babu isassu, sai abin da suka tsinto na guntayen katako da gwangwani. Buƙatar irin waɗannan mata ce ta sa aka buɗe makarantu cikin gaggawa, ciki har da ta Filadalfiya a 1918. Wannan makaranta guda ita ce ta yaye mata uku da suka kai sana'ar Sikotlan da Ingila da Indiya.

Fulton ce ta farko. Da ta gama ta ɗan taɓa aiki a wani asibiti a New York, sannan ta koma gida da wasiƙar gabatarwa zuwa ga Dokta David Henderson na asibitin Gartnavel a Glasgow, wanda shi ma a Amurka ya ga amfanin abin. Henderson ba shi da gurbi, sai ya haɗa ta da shugaban asibitin Aberdeen. Nan ta zauna har ta yi ritaya a 1963, shekara 38 a asibiti ɗaya.

Ta biyun aika ta aka yi takanas. Wadda ta aike ta kuwa, Dokta Elizabeth Casson, mace ce da ta cancanci a tsaya a kanta. Kafin ta shiga karatun likita tana da shekara talatin da ɗoriya, ta yi aikin kula da gidajen haya na talakawa a kudancin Landan ƙarƙashin Octavia Hill, ta ga da idonta yadda zaman banza da ƙuncin ɗaki ke cinye mutum. Da ta zama likita sai ta tarar da irin wannan zaman a ɗakunan asibiti: mata a kwance, ba abin yi, ba abin jira. Ta ba da labarin wata safiya da ta shiga ɗakin mata ta iske yanayin ya sauya gaba ɗaya, ashe kayan ƙawata ɗaki na Kirsimeti aka ba su suna haɗawa. A tsakiyar shekarun 1920 ta je Amurka ta leƙa asibitin Bloomingdale a New York da makarantar Boston, ta dawo da ƙudurin buɗe tata. Ta ranci fam 1,000 wajen ɗan'uwanta Lewis Casson, ɗan wasan kwaikwayo, ta buɗe gidan jinyar mata mai suna Dorset House a Bristol. Malama ce babu. Sai ta tura wata matashiya, Constance Tebbit, Filadalfiya ta yi karatun ta dawo. Ranar 1 ga Janairun 1930 makarantar ta buɗe, Tebbit ce shugaba, kuma ɗalibai da majinyata a gida ɗaya suke, suna wasan kwaikwayo da rawa da saƙa tare. Da jiragen Jamus suka yi wa Bristol ruwan bama-bamai, makarantar ta yi ƙaura zuwa Bromsgrove, daga nan ta koma Oxford a 1946.

Ta ukun Ba'amurkiya ce, Elizabeth Lundy, wadda ta auri Ba'indiye ta koma Kamala Nimbkar, har ta zauna a mazaunin almajiran Gandhi da ke Sabarmati. Tana da shekara 45 ta sake ɗaukar jaka ta koma Filadalfiya ta zauna aji da sa'o'in 'ya'yanta. A 1950 ta buɗe makarantar farko a Indiya, a asibitin KEM na Bombay.

Da ɗalibai da ma'aikata suka yawaita ƙetara iyakoki, dole aka nemi ma'auni ɗaya. A 1952 aka kafa tarayyar duniya ta masu wannan sana'a a Liverpool da ƙungiyoyin ƙasashe goma, Indiya da Afirka ta Kudu na ciki, aka kuma zaɓi Fulton shugabar farko. Daga ƙa'idojin tarayyar ne aka sami sharaɗin da kowane ɗalibin sana'ar ya sani a yau: sai ya yi aƙalla awa 1,000 yana sanin makamar aiki a gaban majinyata, ƙarƙashin idon ƙwararre, kafin a ba shi shaida. Da yake makarantun da tarayyar ta amince da su ma'auninsu ɗaya, ɗalibi na iya yin wani kaso na waɗannan awoyi a wata ƙasa, makarantarsa ta lissafa masa.

Nan ne akalar tafiyar ta juya. Da can ɗalibi kan tashi daga inda babu makaranta ya nufi inda take. Yanzu da aka buɗe makarantu a Nairobi, da Mulago a Kampala, da Moshi a gindin dutsen Kilimanjaro, ɗaliban Turai da Amurka da Ostareliya ne ke zuwa Afirka da Asiya su yi makonni.

Abin da ke fara ba su mamaki ba rashin kayan aiki ba ne, wannan an gaya musu tun a gida. Takardun gwajin da suka haddace ne ke ƙin aiki. Takardar na tambaya ko majinyaci na iya riƙe wuƙa da cokali mai yatsu, ko yana iya shiga kwamin wanka, ko yana iya hawa matakalar bene. Matar da ke gaban ɗalibar da hannu take cin abinci, a tsugune take wanka da bokiti, damuwarta kuma ita ce ta iya goya ɗanta ta hura wuta. Dattijon da ke gadon kusa so yake ya iya alwala ya kai goshinsa ƙasa. Ko babban burin da aka koya wa ɗalibar, wato majinyaci ya tsaya da ƙafarsa ba ya buƙatar kowa, sai ta ga iyalin ba haka suke kallon lamarin ba: 'yar da ke wanke mahaifiyarta ba ta ɗauki hakan a matsayin matsalar da za a magance ba, haƙƙi ne take saukewa. Wannan karo ba a Afirka kaɗai aka yi shi ba. Michael Iwama, ɗan Kanada mai tsatson Japan, ya je koyarwa a Japan a shekarun 1990 ya tarar ma'aikatan can na fama da ra'ayoyin da aka gina kan mutum shi kaɗai. Shi da su suka tsara wani salo da ke kwatanta rayuwa da kogi, iyali da al'umma su ne gaɓarsa da ƙasansa, aka buga littafinsa a 2006.

Najeriya ma tana da nata misalin, kuma ya riga wannan. Thomas Adeoye Lambo ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a asibitin Maudsley na Landan, amma da ya dawo Aro kusa da Abeokuta bai kwafi abin da ya gani ba. Daga 1954 ya riƙa saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, su zo asibiti a duba su, su koma cikin mutane da ayyukan gari.

Ɗalibin da ya kwantar da kai yakan koma da abin hannu ma. A cibiyoyin yara masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana su zama, ana yin kujera da kwali: a auna yaron daga gwiwa zuwa ƙugu, a yanka kwalaye, a liƙa su hawa uku da kunun fulawa ana saɓa layinsu don su yi ƙarfi, a naɗe gefuna da tsohuwar takarda, a shanya a rana, a shafa fenti. Wani malami a Zimbabuwe, Bevill Packer, shi ya inganta wannan fasaha, kuma yau har a Ingila ana koyar da ita. Yaron da ya saba kwanciya a tabarma yana kallon rufi sai ga shi zaune yana cin abinci tare da 'yan'uwansa.

Sai dai akwai abin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Baƙon ɗalibi na tafiya bayan mako shida ko takwas, yaron da ya saba da shi kuma sai ya sake sabo da wani. Ma'aikacin gida da ke duba ɗalibin sau da yawa shi kaɗai ne a asibitin, ga layin majinyata, ga fassara da zai riƙa yi wa baƙo. Hanyar kuma ba ta buɗe daidai ta ɓangarorin biyu ba: ɗalibin Moshi ko na makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas da ke son yin makonninsa a asibitin Ingila zai yi karo da biza da kuɗin jirgi da na masauki, kuma galibi ƙofar ba ta buɗe masa sai ya gama karatu, lokacin da asibitocin can ke neman ma'aikata, na gida kuma ke rasa shi. Makarantun da suka ɗauki abin da muhimmanci sun fara ɗaure tafiyar da yarjejeniya ta shekaru da asibiti ɗaya, suna biyan mai duba ɗalibin, suna kuma haɗa baƙo da ɗalibin gida su yi aiki a kan majinyaci ɗaya, kowa ya rubuta rahotonsa, malami ɗaya ya duba musu.