Mai Shi da Marar Shi: Darasi Daga Tarihin Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Gabatarwa

Ƙasar Ƙaraye da Rogo tana gefen yamma na Jihar Kano, inda jihar ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Ƙasa ce mai albarkar noma, wadda ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, ana kuwa noma dawa da gero da masara da gyaɗa da auduga a cikinta. Bisa ƙidayar jama'a ta 2006 Rogo ta fi Ƙaraye yawan mutane, domin an sami fiye da mutum dubu 140 a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, Rogo kuwa fiye da dubu 220. Galibinsu manoma ne da makiyaya da 'yan ƙananan sana'o'i.

Wannan lacca za ta bi tarihin tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi a wannan yanki, da irin ƙoƙarin da gwamnatoci suka yi na rage ta. Tazarar kuwa hawa uku ce: akwai wadda ke tsakanin gida da gida a cikin ƙauye ɗaya, akwai wadda ke tsakanin ƙauye da birni, sa'an nan akwai wadda ke tsakanin ƙasar da ke noma kaya da ƙasashen da ke yanke musu farashi. Abin da tarihin ya nuna shi ne, nauyin da hukuma ta sauke daga kan talaka yakan isa gare shi kai tsaye, amma taimakon da ta aika masa ta hannun wani yakan tsaya a hanya.

Kafin Zuwan Turawa

Ƙaraye tsohon gari ne mai sarautarsa, kuma Sarkin Ƙaraye yana cikin manyan sarakunan ƙasar Kano da ke zaune a garuruwansu, kamar na Rano da Gaya da Dutse. Al'ummar wancan zamani ta kasu zuwa masu sarauta da talakawa, da kuma 'ya'ya da bayi. Talaka yana biyan kuɗin ƙasa, mai shanu yana biyan jangali, masu sana'a kamar marina suna biyan nasu, ban da gaisuwa da ake kai wa na sama.

Yawan waɗannan kuɗaɗe yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soka a littafinsa Kitabul Farƙ, inda ya ambaci jangali da gaisuwa a cikin ɗabi'un mulkin da ya ce sun saɓa wa shari'a. Ana iya cewa jihadin da ya fara a 1804 shi ne babban yunƙuri na farko na gyara wannan al'amari, domin ya nemi a tsaya ga zakka da baitulmali da adalcin alƙalai. Amma kafin ƙarshen ƙarni na 19 yawancin kuɗaɗen sun dawo, bauta kuwa ta ci gaba a rinjoji da gandayen masu mulki da attajirai.

Haraji da Gyaɗa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Sun yi doka cewa duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Sun haɗa kuɗaɗen da ake biya a da suka zama haraji guda, wanda dole a biya shi da kuɗin Turawa, hakimai da dagatai da masu unguwanni kuwa su ne masu tara shi a madadin En'e.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga kakar 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Manomi ya sami hanyar samun kuɗi, amma ya shiga wani tarko. Lokacin karɓar haraji shi ne kaka, watau sa'ad da amfanin gona ya fi araha. Mai ƙaramin ƙarfi dole ya sayar da gyaɗarsa, wani lokaci har da hatsinsa, a kan farashin da ɗan baranda ya yanka masa, mai hali kuwa ya biya haraji daga aljihu, ya ajiye nasa a rumbu sai bazara. Ita kuwa gyaɗar tana bi ta hannun 'yan baranda zuwa manyan wakilan saye irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, daga nan zuwa kamfanonin Turawa irin su UAC, har ta isa masana'antun mai da sabulu na Ingila da Faransa. A can ake yanke farashi, manomin Rogo ba ya da baki a ciki.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, wadda a 1954 ta koma hannun Gwamnatin Jihar Arewa. Dalilin da aka bayar shi ne kare manomi daga hawa da saukar farashin duniya: a riƙe wani abu a shekarar da kasuwa ta yi kyau, a cika masa a shekarar da ta faɗi. A aikace riƙewar ta fi cikawar yawa. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya ƙiyasta cewa daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1960, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ya kamata manomin gyaɗa ya samu an cire shi ta hanyar rarar hukumar da harajin fitar da kaya. Kuɗin ba su ɓace ba, an yi ayyukan raya ƙasa da su, sai dai yawancin ayyukan a Kaduna da Kano da Zariya aka yi su. Ta haka ƙauye ya gina birni.

Wannan yanayi ne ya haifi jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya. Ita ce ta fara fitowa fili ta kira al'amarin da sunansa, ta ce akwai rikicin muradi tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e.

Abin da Aka Gani a Rogo, Zoza da Barbeji

Ba kowane yanki na ƙasar Hausa ne ya yi sa'ar da wannan yanki ya yi ba, ta samun wanda ya zauna ya ƙididdige abin da gidaje ke samu. A tsakanin 1974 da 1975 wani masanin tattalin arzikin noma, Peter Matlon, daga Jami'ar Cornell ta Amurka, ya bi gidajen manoma na tsawon shekara guda a ƙauyuka uku: Rogo da Zoza da Barbeji. An buga sakamakon bincikensa a 1979.

Abu na farko da ya gano zai ba wasu mamaki. Tazarar samu tsakanin gidajen ba ta kai ta wurare da yawa na duniya ba, domin a nan ba a sami 'yan tsirarun masu gonaki da suka mallake ƙasa suka bar jama'a ba ko taki ɗaya, kamar yadda ake gani a sassan Kudancin Amurka. Kusan kowane magidanci yana da inda zai kafa fartanya.

Abu na biyu shi ne, duk da haka akwai gidajen da abincinsu ba ya kai su shekara, kuma talaucinsu yana sake haifar kansa. Ga yadda abin ke gudana. Magidanci ya sayar da amfaninsa da kaka da araha don biyan haraji da bashi. Da damina ta faɗi rumbunsa ya ƙare, sai ya sayi hatsi da tsada. Don ya sami kuɗin sayen, sai ya tafi ƙwadago a gonar mai hali, daidai lokacin da tasa gonar ke bukatar noman fari. Ciyawa ta ci gonarsa, ba taki, amfaninsa ya ragu, shekara mai zuwa ya koma inda ya fito. Mai hali kuwa yana da jarin fatauci da na ajiyar hatsi, saboda haka ribarsa tana fitowa daga wurin da asarar maƙwabcinsa take.

Abu na uku shi ne wanda ya fi shafar gwamnati. Taki da iri da shawarar malamin gona, waɗanda aka tanada don manoma baki ɗaya, sun fi isa ga masu sarautar ƙauye da na kusa da su da masu hali. Ba lallai sai an yi sata hakan ke faruwa ba. Malamin gona idan ya zo ƙauye a ƙofar dagaci yake sauka, wanda ke da kuɗi a hannu ranar da taki ya iso shi ke saye, wanda ke da abin jingina shi ake ba rance.

Zamanin Kuɗin Man Fetur

Binciken ya zo a kan gaɓa. Farin 1972 zuwa 1974 ya raunana manoma, cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 kuma ta kusa kawo ƙarshen fitar da ita waje, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. A daidai lokacin kuɗin mai suka cika baitulmalin tarayya. A duniya ma ana ta muhawara, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira a 1974 da a kafa sabon tsarin tattalin arziki wanda zai ba ƙasashe masu sayar da ɗanyun kaya haƙƙinsu. Kiran bai sauya yadda ake yanke farashi ba.

A cikin gida an ƙaddamar da shirye-shirye bi da bi: shirin raya karkara na Funtuwa, maƙwabciyar wannan yanki, a 1975 da rancen Bankin Duniya, shirin ciyar da ƙasa da na ilmin firamare kyauta a 1976, dokar mallakar ƙasa a 1978, shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980, sai hukumar KNARDA da kamfanin KASCO a Jihar Kano a farkon shekarun 1980. An sami hanyoyin karkara da rijiyoyin burtsatse da makarantu, noman masara kuma ya bunƙasa saboda taki da sabon iri. Amma masu nazarin shirin Funtuwa sun nuna cewa an fi mai da hankali ga manoman da ake kira masu ci gaba, watau waɗanda dama suna da ƙarfi.

Mataki guda ya bambanta da sauran. A 1979 gwamnatin PRP ta Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, kamar yadda Alhaji Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Wannan bai bukaci fom ko sito ko ɗan tsakiya ba. Daga ranar da aka sanar, talakan Zoza da Bafillacen dajin Ƙaraye sun san ba mai zuwa ƙofarsu da kaka. Gaskiya ne matakin ya rage wa ƙananan hukumomi kuɗin shiga, ya ƙara dogararsu ga kason tarayya. Duk da haka ba a cika samun shirin da ya kai ga kowane gida a rana ɗaya kamarsa ba.

Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986. An rushe hukumomin ciniki, an karya darajar naira, taki ya yi tsada. Matsalar rabonsa kuwa ta daɗe ba ta warke ba, domin sa'ad da aka fito da tsarin raba taki ta wayar hannu a 2012, ministan aikin gona na lokacin, Akinwumi Adesina, ya sha faɗa cewa kashi 11 cikin 100 ne kacal na manoma ke samun takin da gwamnati ta sa wa rangwame a tsohon tsari.

Madatsar Calawa da Masarauta

Babban aikin gwamnati da ya fi fitowa fili a ƙasar Ƙaraye shi ne madatsar ruwa ta Calawa, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 900, a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Ta kawo kamun kifi da noman rani a kewayenta. Amma an tashi ƙauyuka, fadamu da gonaki sun nutse, babban amfanin ruwan kuwa yana gangarawa ne zuwa famfunan birnin Kano da filayen noman rani na kwarin Haɗeja. Can ƙasa kuma, a dausayin Haɗeja da Nguru, madatsun Tiga da Calawa sun rage ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita. Tambayar da aka yi game da gyaɗa ita ce ta dawo game da ruwa: wa ya ba da, wa ya karɓa?

A watan Mayu na 2019 gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, da hujjar kusantar da ci gaba ga karkara. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, a watan Yuli kuma ta kafa masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma darajar sanda ba ta taɓa farashin buhun taki ba.

Kammalawa

Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, mutum miliyan 133, suna cikin talauci ta fuskar ilmi da lafiya da muhalli da aiki. A karkara kashi 72, a birane kashi 42. Wannan ya zo ne shekara bakwai bayan ƙasashen duniya sun sa rage tazara a cikin muradunsu na 2015.

Tarihin Ƙaraye da Rogo bai nuna cewa gwamnatoci sun zauna ba su yi kome ba. Ya nuna cewa kafin a yaba wa kowane shiri ya kamata a yi masa tambayoyi uku: ta hannun wa zai bi, a wane wata na shekara zai iso, kuma me ake bukatar mutum ya mallaka kafin ya amfana da shi. Makarantar da ke da malamai, da asibitin da ke da magani, da hanyar da mota ke bi da damina, da hatsin da ya iso kasuwa da sauƙi a watan Yuli da Agusta, ba su tambayar mutum ko ɗan wane ne. Magidancin da ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a marka, shi ne ma'aunin da ya dace a gwada kowane shiri da shi.