Wa Ya Aza Harsashin Ilimin Zamantakewa?

An daɗe ana jayayya kan wanda ya cancanci a kira uban ilimin nazarin zamantakewa. Turawa kan miƙa rawanin ga Auguste Comte, Bafaranshen da ya raɗa wa fannin suna a ƙarshen shekarun 1830. Masana daga ƙasashen Musulmi kuwa su ce ai Ibnu Khaldun ya riga shi da kusan ƙarni biyar. A ganina, ba tambayar da ta dace ke nan ba. Abin bincike shi ne lokacin da tunani kan al'umma ya zama fanni mai ƙa'ida, wanda wani zai iya bin sawunsa ya gwada.

Babu mai hana Ibnu Khaldun haƙƙinsa. A Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377 a Ƙal'at Ibnu Salama ta ƙasar Aljeriya, ya ƙi karɓar labari don kawai magabata sun kawo shi. Da masanin tarihi Mas'udi ya ce rundunar Bani Isra'ila ta kai mutum 600,000, sai ya auna adadin da faɗin ƙasa da yawan zuriyar da za a iya haifa cikin 'yan ƙarnoni, ya ce lissafin bai zauna ba. Ya bayyana yadda asabiyya, wato haɗin kan jama'a, ke ɗaga daula, jin daɗi kuma ya kayar da ita. Amma ko da ya yi almajirai a Alƙahira, irin su Maƙrizi, ilimin umran (nazarin zamantakewar al'umma) da ya ƙago bai samu zaure na kansa ba.

Comte ma tsari ya zana, bai yi bincike ba.

Aikin ya faɗa hannun Émile Durkheim, wanda ya fara koyarwa a Bordeaux a 1887. A littafinsa na 1897 ya ɗauki kisan kai, al'amarin da kowa ke ɗauka sirrin zuciyar mutum ɗaya ne. Ɗan 'yar'uwarsa, Marcel Mauss, ya zauna ya tantance takardun mamata kusan 26,000 daga ma'aikatar shari'a, ɗaya bayan ɗaya: shekaru, jinsi, aure, 'ya'ya. Binciken littafin ya nuna gwauraye sun fi magidanta halaka kansu, 'yan Furotesta sun fi 'yan Katolika, kuma adadin kan ragu lokacin yaƙi. Durkheim ya ce dalilin yana ga ƙarfin igiyar da ke ɗaure mutum da jama'arsa.

An soke shi daga baya, kuma sukar na da tushe, domin iyalan da ke jin kunyar abin kan ɓoye musabbabin mutuwa, alƙaluman hukuma su karkace. To amma samun damar sukar shi ne ribar: ya shimfiɗa hujjarsa a fili yadda za a iya ƙaryata ta.

Sauran kuwa aikin hukumomi ne. Jami'ar Shikago ta buɗe sashen fannin a 1892, Durkheim ya fitar da mujallarsa a 1898. Ibnu Khaldun ne ya fara hango fannin, amma a shekarun 1890 ne fannin ya tsaya da ƙafarsa a jami'a.