Yadda Aka Koya wa Dodo Riƙo: Tarihin Mai Tare Gaba a Wasannin Intanet

Duk wanda ya taɓa leƙa allon mai buga World of Warcraft ko Final Fantasy XIV zai ga wani abu da hankali ba ya saurin ɗauka. Ga ƙaton dodo mai aman wuta, mutum ashirin sun yi masa ƙawanya, waɗansu na harbinsa da kibau, waɗansu na jifansa da tsafi, can baya kuma ga masu magani cikin 'yan riguna marasa kauri, waɗanda mari ɗaya zai gama da su. Amma dodon bai kula kowa ba sai mutum guda, wanda ya fi kowa nauyin sulke da faɗin garkuwa, wanda kuma saransa bai kai na sauran zafi ba. Babu mayaƙi mai wayo da zai yi haka. To me ya sa dodo yake yi, kuma yaya aka yi miliyoyin 'yan wasa suka karɓi wannan wauta a matsayin doka?

Sunan da 'yan wasa suka laƙaba wa mutumin shi ne tank, aro daga tankar yaƙi. Ita ma tankar aron suna ta yi: lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Turawan Ingila sun ɓoye sirrin sabuwar motarsu mai sulke da sunan tankin ruwa, har suka fito da ita a fagen daga na Somme a Faransa cikin Satumban 1916. A nan za mu riƙa ce masa mai tare gaba. Aikinsa guda ne, ya jawo fushin abokin gaba kansa, ya riƙe shi, ya sha dukan da aka nufi 'yan uwansa da shi.

Lokacin da mutum ke yi wa dodo tunani

Asalin waɗannan wasanni yana kan tebur. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi da takarda da fensir da 'ya'yan ludo masu fuskoki da yawa. Tun a bugun farko akwai mayaƙi, akwai matsafi, akwai malamin da ke warkarwa. Sai dai babu wata doka da ta tilasta wa dodo ya auka wa mayaƙi. Mai gudanar da wasan, mutum ne zaune a kan tebur ɗin, shi ke yanke wanda dodo zai kai wa hari, gwargwadon labarin da kuma abin da ya ga ya dace. In mayaƙi yana son ya kare matsafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa ko a ƙuntataccen lungu ya toshe hanya da jikinsa.

Matsala ta taso ne da aka mayar da wasan cikin kwamfuta. A 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi. Duniya ce ta rubutu zalla: ka buga umarni, allo ya gaya maka abin da ya faru. A irin wannan duniya ɗaki ba shi da faɗi ko tsawo, saboda haka ba gaba ba baya, ba kuma ƙofar da za a toshe. Mai gudanarwa ma ya tafi. Dole injin ya samu ƙa'idar da zai bi ya san wa zai doka.

Amsar da ta yi tasiri ta fito daga sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Kopenhagen a ƙasar Denmak, inda ɗalibai biyar suka saki DikuMUD a 1991. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce. Dodo yana faɗa da mutum guda a lokaci guda, galibi wanda ya fara tsokanarsa, sauran kuwa su sare shi son ransu. An kuma ba mayaƙi umarnin ceto: in dodo ya juya kan wani mai rauni, mayaƙi ya shiga tsakani, dukan ya koma kansa. Daga nan 'yan wasa suka gane cewa abin da ya fi shi ne a tura mai ƙashin jure duka ya fara, a tsayar da mai magani a kansa. A cikin waɗannan wasannin rubutu ne, a farkon shekarun 1990, kalmar tank ta kama bakin mutane. Da yake an ba kowa damar ɗaukar manhajar Diku ya gina tasa duniyar a kai, tsarin ya bazu ko'ina.

Littafin ƙiyayya

EverQuest, wanda ya fito a Maris na 1999 ƙarƙashin kamfanin Sony, shi ya ɗauki wannan gado ya sa masa hoto. Kamanninsa da Diku ya yi yawa har aka yi ta zargin an kwafi manhajar, sai da masu shi suka ba da rantsuwa a rubuce a 2000 cewa ba su ɗauki ko layi ɗaya ba. Tunanin dai na gidan Diku ne, kuma sun ƙara masa abu mai muhimmanci: kowane dodo yana da ɓoyayyen jeri da ake kira jerin ƙiyayya. Duk wanda ya sare shi, ko ya jefe shi da tsafi, ko ya warkar da wanda yake faɗa da shi, sai a rubuta masa maki. Wanda makinsa ya fi yawa shi dodo ke bi. Dodo ya koyi riƙo ke nan, yana lissafin wanda ya fi ɓata masa rai.

Wannan jeri ya canja zaman ayari gaba ɗaya. Matsafin da ya yi gaggawar sakin babban makaminsa sai ya haye saman jerin, dodo ya bar mai sulke ya taho ya tattake shi. Mai maganin da ya warkar da wuri shi ma haka. Mayaƙi yana da dabarar tsokana da ke mayar da shi saman jerin, amma takan ƙi ci. Mutuwa kuwa a EverQuest na wancan zamani ba wasa ba ce: za ka rasa wani ɓangare na ci gaban da ka tara cikin sa'o'i, ka farka nesa ba ko wuƙa, ka koma neman gawarka domin kayanka na jikinta. Saboda haka kowa ya koyi haƙuri da kame hannu, kuma sunan mai tare gaba nagari yakan zaga gari.

A manyan yaƙoƙi, inda mutane da dama ke taruwa kan dodo ɗaya, abin ya zama kamar aikin agogo. Malaman warkarwa suna da addu'ar da ke cika ran mutum fal, amma tana ɗaukar daƙiƙa 10 kafin ta sauka. Sai suka riƙa jeruwa, wannan ya fara, bayan 'yan daƙiƙu na biye ya fara, yadda waraka za ta yi ta sauka a kan mai tare gaba ba yankewa. In mutum ɗaya ya yi jinkiri, garkuwar ta faɗi, dodo ya bi jerin sunaye ɗaya bayan ɗaya.

A Japan ma an bi wannan hanya da Final Fantasy XI na 2002, inda 'yan wasa suka nuna cewa ba kullum masu ƙira ke da ta cewa ba. Da aka ƙara ajin ninja a 2003, sai suka lura yana iya ƙirƙirar inuwoyin da ke shanye sara a madadinsa. Nan da nan suka mayar da shi mai tare gaba, ba tare da sulke mai nauyi ba.

Zamanin lissafi

Blizzard ya fitar da World of Warcraft a Nuwamban 2004, kuma cikin masu tsara shi akwai tsofaffin 'yan EverQuest irin su Rob Pardo da Jeff Kaplan, waɗanda suka jagoranci ƙungiya guda a can. Sun zo da jerin ƙiyayya, suka bar shi a ɓoye. 'Yan wasa ne da kansu suka tono dokokinsa ta hanyar gwaji, suna dukan ƙananan dodanni suna rubuta lambobi. Sun gano cewa wanda ke kusa da dodo ba zai ƙwace hankalinsa ba sai makinsa ya zarce na mai tare gaba da kashi 10 cikin ɗari, na nesa kuwa sai da kashi 30. Wato in mai sulke yana da maki 10,000, mai takobin da ke gefensa yana da sarari har 11,000, maharbi kuma har 13,000. Sun kuma gano cewa warkarwa tana jawo rabin fushin da sara ke jawowa, ana kuma raba shi tsakanin dukkan dodannin da ke cikin faɗan.

Daga wannan ilimi aka samu ladubba. A yaƙoƙin mutum 40 na Molten Core da kogon Onyxia, jagora yakan hana kowa motsi har sai mayaƙi ya sassara sulken dodo sau biyar, lokacin ya yi nisa a jerin. Aka ƙirƙiro ƙananan manhajoji irin su KLHThreatMeter da Omen masu nuna wa kowa matsayinsa, kafin kamfanin ya buɗe ainihin lambobin a 2008. Ƙarfin ayari duka ya rataya a wuyan mutum ɗaya, domin komai ƙwarewar maharbi ba zai wuce iyakar da mai tare gaba ya shata masa ba.

Wani abin sha'awa shi ne yadda dabarar ta koma gidan da ta fito. Bugu na huɗu na Dungeons & Dragons a 2008 ya ba mayaƙi ikon sa wa abokin gaba alama. Da yake mutum ne ke juya dodon, ba a tilasta masa ba. An dai sa masa tara: in ya kai wa wani hari, za a rage masa maki 2 a saitinsa, mayaƙin kuma ya samu damar kai masa sara kyauta.

Da aka sauƙaƙa aikin

A Disamban 2009 World of Warcraft ya kawo na'urar haɗa ayari: ka latsa maɓalli, ta haɗa ka da baƙi huɗu, mai tare gaba ɗaya, mai magani ɗaya, mahara uku. Nan take wani gibi ya bayyana. Mai tare gaba yakan samu ayari cikin ƙiftawar ido, mahara kuwa su yi ta zaman jira. Wani ɓangare na dalilin lissafi ne kawai: babban yaƙi na mutum 25 yana buƙatar masu tare gaba biyu ko uku, amma in aka raba mutanen nan gida biyar, ana buƙatar biyar. A Afrilun 2011 kamfanin ya fara ba da jakar tukuici ga duk wanda ya yarda ya cike gurbin da ake nema.

Cikin Agustan shekarar, Greg Street, babban mai tsara dokokin wasan, ya bayyana cewa an ɗaga ƙiyayyar da mai tare gaba ke tarawa daga ninki uku zuwa ninki biyar na saransa. Hujjarsa ita ce tseren maki tsakanin 'yan ayari ɗaya ba ya da daɗi, musamman in na'ura ta haɗa sabon mai sulke da ƙwararrun mahara masu manyan makamai. Aka karkata aikin zuwa kare kai: sanin lokacin ɗaga garkuwa, da juya fuskar dodo daga jama'a, da miƙa shi ga abokin aiki kafin rauni ya taru. Final Fantasy XIV ya yi irin wannan gyara a 2019, inda riƙe hankalin dodo ya koma kusan kunna maɓalli guda.

Akwai ma waɗanda suka yi ƙoƙarin kashe muƙamin. Guild Wars 2 ya fito a 2012 da alkawarin ba mai tare gaba, ba mai magani na musamman, kowa ya kula da kansa. Da ya kawo manyan yaƙoƙi a 2015, sai ga dodanni da yawa suna bin wanda ya fi kowa taurin jiki a ayarin, ga kuma ajin warkarwa ya shigo. Yaƙin da ake so mutum goma su tsara tare yana buƙatar a san inda dodo zai fuskanta, wannan kuwa sai da wanda zai tsayar da shi.

Duk da wannan sauƙi, har yau tukuicin neman mai tare gaba bai daina fitowa a allon waɗannan wasanni ba. Abin da ya rage a aikin shi ne wanda lambobi ba su taɓa ɗauke wa kowa ba. Mai tare gaba ne ke shiga ɗaki da farko, don haka shi ake sa ran ya san hanya, ya san dodanni nawa za a tsokano a tashi ɗaya, ya san lokacin da mai magani ke buƙatar numfashi. Ya zama madugu ko bai nema ba. In maharbi ya yi kuskure, sau da yawa ba wanda zai lura. In shi ya yi, mutum huɗu ko ashirin za su kwanta a ƙasa suna kallonsa, waɗansu kuma baƙi ne da ba sa tauna magana. Babba juji ne, in ji Hausawa. Masu buga Final Fantasy XIV har suna suka raɗa wa fargabar da ke kama sabon shiga kafin ya karɓi garkuwa.

Ɗaliban Kopenhagen suna neman hanyar da injin zai zaɓi wanda zai doka ne kawai, a ɗakin da ba shi da ƙofa. Sama da shekara talatin bayan haka, masu ƙira sun goge yawancin lissafin da ya biyo baya, kuma kowane dare ayarori na nan tsaye a bakin kogo, mutum huɗu sun shirya, ana jiran na biyar da zai ce shi zai wuce gaba.