Haƙoran Aksul: Yadda Fijo Ta Tsufa A Hanyar Gaya Da Ajingi



A yawancin labaranmu mota iri biyu ce: ko dai ta Alhaji ce mai sanyi da ake zuwa zance da ita, ko kuma wadda ta lalace a hanya don jarumi ya haɗu da jaruma. Me ya lalace a cikinta? Ba ma faɗa, don ba mu sani ba. Yau ina so mu leƙa ƙarƙashin mota mu duba ƙarfe guda, wato aksul ɗin baya, mu ga yadda ya bi mutanen Gaya da Ajingi daga zamanin wadata zuwa zamanin gwanjo.

Motar da ke ja da ƙafafun baya, inji yana gaba, farfela ce ke kai ƙarfinsa baya. A tsakiyar aksul akwai wani tulu, cikinsa giya biyu: ƙarama a bakin farfela, da babba mai kama da faifai wadda ke juya tayoyi. Ka raba haƙoran babbar da na ƙaramar, ka san halin motar. A ce ƙaramar na da 9, babbar 35: farfela za ta juya kusan sau 4 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. In kuwa 8 ne da 39, sai ta juya kusan sau 5. Ta farko motar kwalta ce, tana gudu, ba ta shan mai sosai. Ta biyu jaka ce, ba ta sauri amma tana fitar da lodi daga yashi. Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan Ajingi da rani ya san wacce ake bukata a can.

A 1975 kamfanin Peugeot, Fijo a bakinmu, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Lokacin kuɗin fetur ne, ga ƙarin albashin Udoji ya shigo hannun ma'aikata. Tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, don haka kayan haɗa Fijo ta sama suka riƙa zuwa, daga birnin Liyon na Faransa zuwa filin jirgin sama na Kano, sannan a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna. Ku dubi wannan da kyau. Akwai lokacin da giyar aksul take hawa jirgin sama, sabuwa fil, ta sauka a Kano. A wancan zamani in aksul ya fara kuka, a kanti ake sayo sabo cikin kwali, a jefar da tsohon.

Samfuri biyu ne suka riƙe ƙauyukanmu. Akwai 404, wadda ta fito a Faransa a 1960, da 504 da ta biyo baya a 1968. A-kori-kurarsu da wagon ɗinsu su suka kwashi gyaɗa da gero da awaki da mutane, daga Ajingi zuwa Gaya, daga Gaya zuwa Wudil ranar Juma'a, daga nan a wuce birni. Salun ɗin 404 tana da wani abin mamaki: aksul ɗinta ba irin wanda na bayyana ba ne, ƙaramar giyar murɗaɗɗiya ce kamar sukuru, babbar kuma ta tagulla ce. Tana da man da ya dace da ita, in aka zuba mata man giyar sauran motoci sai ya riƙa cin tagullar a hankali. Mai mota a ƙauye ina ya ga wannan mai? Abin da ke galan shi ake zubawa.

Sai 1986 ta zo. Gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, a watan Satumba aka buɗe kasuwar canji, Naira da take kafaɗa da kafaɗa da Dala ta koma wajen 4 a Dala ɗaya, daga nan kuma ba ta sake tashi ba. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin malamin makaranta, sabon kayan gyara ya fi ƙarfin direba. Nan ne tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa, waɗanda muke kira Beljiyam, da yawansu ta tashar Kwatano, su bi ta Nijar su ɓullo ta Maraɗi. Tare da su kuma sai injuna da giyabos da aksul da aka kwance daga motocin da Turawa suka yar. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta zama asibitin duk wata tsohuwar mota a ƙasar Kano. Kamfanin Kaduna bai daina yin 504 ba sai wajen 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina, amma abin da ya riƙe 504 a kan hanyar Gaya ba Kakuri ba ce, Ƙofar Ruwa ce.

A nan ne aikin bakanike ya canza. Da, mai sauya kaya ne. Yanzu dole ya zama mai zaɓe, domin aksul goma da ke jibge a gaban shago duk kamarsu ɗaya a ido, amma wani daga salun ya fito, wani daga wagon, wani daga mai shan gas. A mota irin Hiace ana iya ganewa ba tare da an kwance ba: a ɗaga taya ɗaya, a yi wa farfela alama da alli, a juya tayar sau biyu ana ƙirga zagayen farfela. Fijo ba ta yarda da wannan dabara, don farfelarta a cikin bututu take a rufe. Sai an buɗe an ƙirga haƙora da yatsa.

Mai kuɗi yakan sayi aksul ɗin gaba ɗaya a ɗaura, aikin yini guda. Mai ƙaramin ƙarfi giyoyin biyu kawai yake saye, a zuba su cikin tsohon tulunsa. Arha ce, amma arhar da ke bukatar gwani. Giyoyin nan tun daga masana'anta ake goga su da juna har su saba, shi ya sa ake buga musu lamba iri ɗaya. Ma'aurata ne. In ka ɗauko babbar daga wannan aksul, ƙaramar daga wancan, ko da adadin haƙoransu ya yi daidai, ba za su zauna lafiya ba. Ko waɗanda suka zo tare sai an daidaita zamansu da siraran washa, a shafa wa haƙoran fenti, a juya, a duba inda fentin ya goge. In a tsakiyar haƙori ne, an dace. In a baki ne ko a gindi, a sake kwancewa. Bakaniken da ke sauri yakan tsallake wannan, ya ɗaure noti ya karɓi kuɗinsa.

Wani kawuna ya ɗanɗana. Ina firamare a-kori-kurarsa ta karya haƙori, ya sayar da tumaki biyu ya tafi birni. Aka haɗa masa babba da ƙarama daga wurare biyu, don sun fi arha a haka. Satin farko motar tana wani siririn kuka in ya saki totur, aka ce masa sabon haɗi ne, za su saba. Ba su saba ba. Kafin kaka ta ƙare ta tsaya cak da buhunan mutane a bayanta, da aka zare man sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Sau biyu ya sayi aksul a shekara ɗaya, kuma ita ce shekarar da aka ɗage bikin 'yarsa. Na daɗe ina ganin laifin kawu. Yanzu na fi ganin laifin wanda ya san lambobin ba su yi daidai ba ya yi shiru.

Akwai kuma waɗanda da gangan suke canza halin mota. Direban da ya bar kwalta ya koma jigilar ƙauye yakan nemi giyar ja. Motar za ta hau yashi da lodi, amma inji zai ƙara juyawa da kashi ɗaya cikin huɗu a tafiya iri ɗaya, in aka bi lissafinmu na ɗazu. Maleji ma sai ya fara ƙarya, tunda daga giyabos yake karatu: yana nuna 100, motar tana kan 80. (Marubuci, ga ka da direban da ke rantsuwa yana gudu alhali kowa na wuce shi.)

Ruwayar baka ta ce maƙerin da ya zo Dala neman tama, wanda birnin ya ci sunansa, daga Gaya ya taso. Ba zan ce makanikan yau jikokinsa ba ne, sana'ar kowa ta shiga. Amma juyin yana ba ni mamaki: da daga Gaya aka je Kano neman ƙarfen da ba a narka ba, yau daga Gaya ake zuwa Kano neman ƙarfen da wasu suka gama da shi.

Golf da Sharan da suka ƙwace tasha daga hannun wagon da ƙafafun gaba suke ja, ba su da wannan tulun a baya, don haka yaran gareji da yawa sun tashi ba su taɓa shafa wa haƙori fenti ba. Aikin ya rage a Hiace da Hijet da Canter da ragowar a-kori-kura. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, lissafin ma ya juye. Direban da a da yake neman giyar ja, yanzu yana tsaye a gaban shago yana tunanin ta gudu, don ta rage masa mai a kan kwalta, ko da zai riƙa sauke fasinja su tura in an shiga yashi.